Bakina Bai Motsa Ba

Masu bibiyata, salama a gare ku. Yau ba zan yi wa kaina kwalliya ba. Wanda ya ga dama ya zage ni a ƙasan rubutun nan, na cancanta, amma ya daure ya kai ƙarshe tukuna.

Ga waɗanda yau suka fara cin karo da ni, sunana Hansai, shekarata ashirin da huɗu, ɗinki nake yi a Unguwar Labo, ƙauyenmu da ke bayan Gozaki. Mu Kirista ne tun daga kan kakana. Duk wanda ya san ni kafin watan Agusta, da baki ya san ni. Na taɓa sa matar aure yaji da magana uku a bakin rijiya. Na raɗa wa wani mai wa'azi sunan da har yau bai rabu da shi ba. Ni dai in magana ta zo min wuya, sai ta fita.

Wannan bakin ne ya tsaya tsakanina da Sanda. Shekara biyu yana zuwa zance gidanmu, manomi ne mai rufin asiri, ga ɗan shagon iri da maganin feshi a Kafur. Amma mahaifiyarsa, Iya Tsohuwa (sunanta ke nan tun tana cikin zanen goyo), ta hana a kawo gaisuwa. A gidan biki ta faɗa, gaban mata: "Ina da rediyo a ɗakina, ba na neman ta biyu."

Sai aka yi taron falkaswa, wato wa'azin farkar da masu bi, a Kafur. Ran kwana na uku mai wa'azi ya ce duk wanda ya san harshensa ya yi wa wani rauni ya fito gaba. Ban san lokacin da na tashi ba. Na durƙusa a ƙasa da sabuwar atamfata, na yi kukan da ban taɓa yi ba, na ce wa Yesu ya karɓi bakin nan ya ba ni wani. Ba wasa nake ba, Allah ya sani. Mama, matar Pastonmu, ta kama hannuna ta ba ni doka ɗaya: kada in ambaci wanda ba ya wurin sai da alheri.

Kwana hamsin da biyu na yi a kai. Mata su zo shago da gulma mai zafi, in ƙara taka keke don kada in ji. Har aka fara cewa ko ciwon haƙori nake.

Innarmu kuwa ba ruwanta da zancen sabon rai. Tana tankaɗe tana cewa, "Ki ci gaba da ɗaure bakin nan, ko da igiyar guga ce, har a sauke kaya a gidan nan. Ƙanwarki na jira, masu neman aurenta sun zo sau biyu. Bayan nan in kin so ki kwance."

"Inna, ba don Sanda nake yi ba."

"Ko don wa kike yi, ni dai a kawo gaisuwa."

Da komai ya tafi daidai, ba don Keziya ba.

Keziya 'yar bayan layinmu ce, ta dawo daga karatu a Zariya, tana koyon aiki a wani ɗakin gwajin jini a Malumfashi. Ga ta siririya, ga wushirya, ga magana ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron tada jariri. Abin da ni nake yi da azumi da cizon leɓe, ita da shi aka haife ta. Ranar gayyar karyar masara a gonar coci, ina kallo Iya Tsohuwa ta zuba mata fura a kofinta na kanta, tana cewa, "Sha, 'yata, rana ta buge ki." Ni da nake gefe da buhu a ka, ko kallo ban samu ba. Na haɗiye. Na ce a raina, Ubangiji ka albarkaci Keziya. Amma yadda na faɗe shi, ko ni ban ce amin ba.

Ran Talata da hantsi ina yanka wata riga sai saƙon Hajo ya shigo. Hajo aminiyata ce tun firamare, ita ce mataimakiyar shugaba a Zumuntar 'Yan Mata.

*Ƙawas, nemi wuri ki zauna kafin ki buɗe.*

Hoto ne. Sanda ne tsaye a ƙofar ɗakin gwajin, cikin shuɗin yadin da ni na zaɓa masa da Kirsimeti, ya naɗe hannun rigar. Keziya ta riƙe masa damtse da hannu biyu, ta ɗago tana dariya, shi ma yana yi. Irin dariyar da nake zaton tawa ce ni kaɗai.

*Na zo sayen zare na gan su,* in ji Hajo. *Ni dai ban ce komai ba.*

Masu karatu, a cocinmu saurayi da budurwa ba sa zuwa wurin gwaji tare sai don ɗayan biyu: ko kwamitin aure ya tura su, ko kuwa an yi abin da ba a so. Na kira Sanda.

"Kana ina?"

"Ina hanyar dawowa daga Malumfashi. Wani ɗan uzuri ne."

"Uzurin me?"

"Sai na zo Juma'a zan faɗa miki. Ki kwantar da hankalinki, Hansai."

Juma'a. Kwana uku zan yi da wannan hoton a ƙirji. Na ɓata yadin mutane ranar, na yanka hannu ɗaya ya fi ɗaya. Na buɗo hoton ya fi sau talatin, ina jawo shi da yatsa ina duba inda yatsunta suka kwanta a fatarsa. Har lallen ƙumbarta na haddace.

Washegari Laraba, ƙarfe huɗu, muka taru a coci don addu'ar zumunta. Muna da wata al'ada da Mama ta kawo saboda masu kunya: kowa ta rubuta roƙon addu'arta a 'yar takarda, babu suna, ta naɗe ta jefa a faifai. Sai mai jagora ta riƙa ɗauka tana karantawa, mu yi addu'a a kai. Ta haka muka yi wa masu jarabawa addu'a, da masu uba mashayi, ba tare da kowa ta ji kunya ba. Ranar Mama ta tafi gaisuwar mutuwa Funtua, Hajo ce a gaba.

Keziya na bencin gabana, da farin ɗankwali, ta sunkuyar da kai. Ina kallon bayan wuyanta. Sai wata murya ta ce min a zuci: ai alkawarin baki kika yi. Wannan kuwa addu'a ce. Kuma in da gaske ta faɗa cikin zunubi, ba taimakonta kika yi ba?

Na karkata biro na sauya rubutu, na rubuta:

*Mu yi addu'a domin wata 'yar'uwa cikin mawaƙa da aka gani a wurin gwaji a Malumfashi riƙe da hannun saurayin wata. Allah ya rufa asiri kafin abin ya fito fili.*

Na naɗe, na jefa. Bakina bai motsa ba.

Hajo ta karanta ta uku, ta huɗu, sannan ta zo kan tawa. Ta kai rabi kafin ta gane abin da take karantawa, ta ɗan tsaya, sai ta ƙarasa da sauri.  Mawaƙanmu mata tara ne, ɗaya ce take zuwa Malumfashi kullum. Na ga bayan wuyan Keziya ya sandare. Muka rufe ido muka yi addu'a, kuma ina gaya muku, ban taɓa jin 'yan matan nan sun yi addu'a da ƙarfi irin na ranar ba.

Abin da ya fi ba ni kunya yanzu shi ne daɗin da na ji. Na koma gida na ci tuwo malmala biyu.

Dokar zumunta ita ce abin da aka ji a faifai a nan yake tsayawa. Kafin azahar ɗin Alhamis ya kai injin niƙa. Kafin yamma an ce ciki ne na wata uku. Wata ta rantse ta ga Keziya tana amai bayan coci. Dattawan ikilisiya suka zauna, suka ce ta dakata da waƙa, ta koma bencin baya na masu horo har a ga abin da watanni za su nuna. Babanta ya ce ta bar zuwa Malumfashi ke nan.

Ni kuwa mata suka cika min shago, kowa na son ta ji ta bakin mai saurayi.

"Hansai, ke ba za ki ce komai ba? A kan naki fa ake magana."

"Allah ya kyauta," na ce, na taka kekena.

Ran Juma'a da la'asar Sanda ya zo. Na sa leshi ruwan goro, na fesa turare, na shirya fuskar wadda aka zalunta. Ya zauna a kan dakali bai ko kafe mashin da kyau ba. Idonsa ya faɗa. Ya ciro takarda daga aljihu ya miƙo min.

"Karanta."

Sunansa ne a sama, a ƙasa an rubuta AA.

"Kin taɓa gaya min ke AS ce, kuma sikila ce ta kashe ƙaninki," ya ce. "Tun ranar nake tsoro. Na ce kafin Iya ta yarda, kwamiti ya tura mu, a zo a ce jininmu bai haɗu ba, gara in sani ni kaɗai. In ya fito da matsala in san yadda zan gaya miki. Keziya ce ta ɗebi jinin. Ni kuma ban jure allura, muna fitowa jiri ya ɗebe ni, ta tare ni tana min dariya. Shi ke nan abin da aka gani."

Takardar ta yi min nauyi a hannu.

"Ka nuna wa dattawa mana," na ce. 

"Na nuna. Suka ce wannan tawa ce, ina tata da za ta nuna ba ta da ciki? Yarinyar nan kwana biyu ba ta ci abinci ba, Hansai. Saboda ni." Ya share fuska. "Da zan san wadda ta rubuta takardar nan, ko a sama muka haɗu sai na sauya layi."

Sai kuma ya dube ni, fuskarsa ta yi laushi.

"Amma kin san wani abu? Iya ta aiki mata biyu shagonki jiya don su ja bakinki. Suka dawo suka ce ko uffan. Ta ce lallai yarinyar nan Allah ya taɓa ta. Jibi Lahadi bayan sujadar coci za su kawo gaisuwa."

Innarmu da ke laɓe bayan zana ta saki guɗa tun bai rufe baki ba.

Kun ga inda na tsinci kaina? Abin da na yi shekara biyu ina roƙo ya zo har gida, kuma abin da ake nema a wurina don in riƙe shi ƙaramin abu ne: in ci gaba da yin shiru. Hajo ta turo saƙo: *Ke kaɗai na tura wa hoton nan, kin dai gane. Amma ban ga komai ba, ban san komai ba. Ki yi aurenki.*

Ko a lokacin, kishin bai sake ni ba. "Yarinyar nan ba ta ci abinci ba." Wa ya gaya masa? Zuwa ya yi? Shi ya kai mata abincin?

Asabar da safe Mama ta aiko in je. Na same ta a tsakar gida tana shanya masara a kan tamfol, ta ɗaura zanen zumunta a ƙirji. Na durƙusa na gaishe ta. Ta gama baza buhun da ke hannunta. Sannan ta kwance bakin zaninta ta ciro 'yar takarda ta sa min a tafin hannu.

"Riƙe abinki, a faifai na tsince shi da na dawo. Shekara uku kina rubuta min rahoton zumunta, ko da ƙafa kika rubuta zan gane."

Na fashe da kuka. "Mama, ban yi magana ba. Na riƙe alkawarina, ko kalma ban furta ba."

"Haka ne. Laifina ne ma, da na ba ki dokar baki na tsaya nan." Ta nuna wani buhu a gefe. "Kin ga wancan? Da danshi aka ɗura shi, aka ɗinke baki tsaf. Daga waje lafiya lau. Jiya na buɗe, duk ya yi baƙi. Kwana hamsin kina ɗinke baki, Hansai, ba ki taɓa zazzage cikin a gaban Ubangiji ba. Kin taɓa gaya masa kina ƙin yarinyar nan?"

"Ina sa mata albarka kullum."

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba."

Na dunƙule takardar a hannuna.

"Za ki faɗa wa Baba Pasto?" na ce daga baya.

"Ni ba zan faɗa wa kowa ba. Ba ni na rubuta ba." Ta koma kan masararta. "Coci a buɗe yake, babu kowa yanzu."

Na shiga. Ban je gaba ba, na zauna a bencin baya, inda Keziya za ta zauna gobe. Bencin ko majingina ba shi da ita, daga nan ƙeyar kowa kake gani. A nan na yi addu'ar da ba ta da kyan ji. Na ce Ubangiji, ba na son ta. Ina ƙin wushiryarta, ina ƙin muryarta, ina ƙin yadda shiru bai mata wuya. Na so ta ji kunya, kuma da ta ji, daɗi na ji. Na ce ni ba zan iya gyara wannan ba, in ba kai ka wanke ba haka zan mutu da shi. Na daɗe a wurin. Ban ji wata murya ba, ban ga haske ba. Da na tashi dai na san abin da zan yi, kuma na san abin da zai ci min.

Lahadi tun asuba Innarmu ta sa aka yanka kaji biyu. Ta aro kujerun roba, ta share ƙofar gida har bakin hanya. Ta ciro min atamfar da ta ɓoye tun bara, kore da ruwan zinari, ta ɗaura min ɗankwali da hannunta.

"Yau ko tari ya zo miki, ki haɗiye," ta ce.

Coci ya cika. Iya Tsohuwa na layi na biyu ɓangaren mata, da babban mayafi ruwan toka mai aiki a baki. Ta juyo ta yi min murmushi, karo na farko a rayuwata. Sanda na ɓangaren maza cikin farar shadda. Can baya, Keziya ita kaɗai, ta ƙura wa ƙasa ido.

Bayan an karɓi baiko, wato sadakar coci, Pasto ya ce, "Ko akwai mai shaida?"

Wani tsoho ya gode wa Allah don amfanin gona. Wata ta gode don haihuwa lafiya. Sai na ji ƙafafuna sun miƙe. Innarmu ta damƙo bakin zanina, na zare.

Na karɓi abin magana, na buɗe takardar. Ban yi waƙa ba, ban yi doguwar gaisuwa ba.

"Ni na rubuta wannan," na ce. Na karanta ta daga farko har ƙarshe. "Ƙarya ce. Keziya ba ta yi komai ba, jinin Sanda ta ɗiba don aikinta. Kishi ne ya sa ni, na saka shi cikin rigar addu'a. Na yi wa Allah zunubi, na yi wa Keziya, na yi wa zumunta. Bencin can nawa ne, ba nata ba."

Na ajiye abin maganar na bi tsakiyar coci har baya. Ban taɓa sanin cocinmu na da tsawo haka ba. Na zauna a ɗaya ƙarshen bencin. Keziya ba ta dube ni ba, hawaye kawai ke ɗiga a kan hannunta.

Sai Iya Tsohuwa ta tashi. Ta tako har inda muke, na sunkuyar da kai ina jiran abin da zai sauka. Ta wuce ni kamar ba ta ga mutum ba. Ta cire mayafinta ta lulluɓa wa Keziya, ta kama hannunta ta kai ta layi na biyu, ta zaunar da ita kusa da ita. Da na saci kallon ɓangaren maza, Sanda ba ni yake kallo ba. Masu karatu, ko a wannan halin sai da abin ya soke ni. Bambancin kawai, wannan karon na gaya wa Ubangiji nan take.

A gida Innarmu ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta zauna gaban tukunyar shinkafa ta rafka tagumi. Ƙarfe biyu ta wuce, uku ta wuce. Ƙanwata ta fara tattara kujeru. Na duba waya, Sanda ya hau intanet ya sauka, babu saƙo.

Wajen huɗu da rabi muka ji mota ta tsaya a ƙofar gida. Aka yi sallama. Iya Tsohuwa ce ta shigo, babu 'yan rakiya, sai mutum ɗaya a bayanta. Keziya, har yanzu da mayafin.

Innarmu ta zabura tana shimfiɗa tabarma, tana jero sannu da zuwa. Iya ta ɗaga mata hannu.

"Bari, ba zama na zo yi ba." Ta juyo gare ni, na durƙusa. "Hansai, abin da kika yi yau, ni a shekaruna ban taɓa ganin mai yin sa ba. Abin da kika yi ran Laraba ma haka. Na rasa wacce a ciki ce za ta shigo min gida."

"Iya, ki gafarce ni."

"Ba ni kika ɓata wa suna ba." Ta nuna ƙofa da haɓa. "Kaya na cikin mota, kawunnan Sanda na zaune a ciki, shi ma yana nan. Na ce musu kada wanda ya sauko. Yarinyar nan ita za ta faɗa, a shigo da su ko a juya."

Murfin tukunya na ta rawa a kan murhu. Aurena kaf yana kan harshen yarinyar da na so in binne da rai.

Keziya ta gyara mayafin a kafaɗarta. Ta ɗago jajayen idanunta ta dube ni, ta dubi ƙofa.

"Iya," ta ce a hankali, "kafin in amsa, a ce wa Sanda ya shigo. Akwai abin da ya gaya min jiya a kan wadda ta rubuta takardar nan, ina so ya maimaita shi a gabanta."